Shekarar da Gonar Surukina Ta Yi Hayaƙi

Ni 'yar masu shanu ce daga wajen Shagari, aure ne ya kai ni Boɗinga, gidan magina. Kafin in je ban san akwai mutanen da ke girmama laka haka ba. A gidanmu ƙasa abin takawa ce kawai. A gidan surukina kuwa sai a ɗebo ta a tafin hannu, a murza, a shinshina, wani har ya ɗanɗana, sannan a yi shiru kamar ana jiran ta ba da amsa. Surukina shi ne babban maginin unguwarmu, dogo, busasshe, ga zafin rai in an taɓa aikinsa. Yana da magana guda wadda har kajin gidan sun haddace: gini ba ya faɗuwa sai da laifin magini. In ruwa ya ci katanga, laifin wanda bai yi yaɓe ba ne. In gara ta ci azara, laifin wanda ya zaɓo ta ne. Ni dai ina ta jiran ranar da tsawa za ta faɗa wa wani soro in ji wa zai kama.

'Ya'yansa maza biyu ne. Maigidana shi ne ɗan fari, saboda haka tsohon ba ya kiran sunansa, ba ya duban fuskarsa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Haka muka taso muka tarar, kunyar ɗan fari, kuma ba wanda ke ɗaukarta ƙiyayya. Suna zaune a tabarma ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa, sai tsohon ya juya wajen ƙaramin ya ce, "Gaya ma wancan ƙasar ba ta ruɓa ba." Ƙaramin, ɗan banza mai ban dariya, sai ya juya wajen wansa ya maimaita da muryar tsohon, har da tarin. Mu muna bayan zana muna toshe baki. Ta bakin yaron nan uba da ɗa ke magana tun kafin a kawo ni gidan.

Wata shekara su biyun suka tafi cin rani Ankara, babban birnin nan na bakin teku da ke can bayan Gwanja, inda Hausawan zango ke neman magina. Aiki ya yi musu yawa har damina ta sauka ba su dawo ba. Wajen kaka maigidana ya dawo shi kaɗai.

Ga abin da ya faɗa, kuma bai taɓa ƙara ko rage kalma ba. Sun gina ɗakin kwanansu da hannunsu a zango. Ran nan bayan magariba ƙanen nasa yana kwance a ciki da zazzaɓi, shi kuma yana waje da buta. Sai ya ji wani ruri daga ƙarƙashin ƙasa kamar babbar mota tana tahowa. Ƙasa ta motsa kamar an ja tabarma mutum yana tsaye a kai. Ruwan butar ya yi tsalle, shi kansa ya faɗi, ya tashi ya sake faɗuwa. Gidajen Turawa na dutse da siminti suka tsattsage, rufi ya zubo a wurare da dama, mutane suka kwana a fili suna salati. Bangon ɗakinsu ya faɗa wa ƙanensa.

Surukina ya karɓi mutuwar da haƙuri irin na maza. Ya zauna aka yi gaisuwa, aka yi sadaka, ban ga hawayensa ba. Da mutane suka watse, sai ya dubi inda ƙaramin ya saba zama, ya ga ba kowa. Ya juya ya dubi bangon zaure ya ce, "A gaya ma wancan, mutuwa na yarda da ita, ta Allah ta. Amma ƙasa ba ta rawa. Tun ina rarrafe nike bisa ta, ban taɓa jin ta motsa ba. Ko dai tushe na ba a haƙa ba, ko ɗanyen tubali anka ɗora. A bar yi ma ƙasa ƙazafi."

Daga ranar ya sauke shi daga kan bango. Wanda bai san magina ba zai ce mene ne a ciki. A wajensu wanda ke zaune a saman bango yana cafe tubalin da ake jefo masa yana jerawa shi ne magini. Na ƙasa masu jifa ne, na cikin rami kuwa masu kwaɓa laka da ƙafa, aikin sabon shiga. Maigidana, da gemunsa da 'yarsa a bayana, aka mayar da shi rami. Kullum ya dawo da laka har cinya, in kai masa ruwa, ya zauna yana kallon ƙafafunsa. Ba hawa bangon ne ya fi damunsa ba. Abin da ke cinsa shi ne ubansa zai shiga kabari yana ganin ha'incin aikinsa ne ya kashe ƙanensa.

Ni kam na yarda da shi tun ranar farko, ba don soyayya ba, don na san da wa nake zaune. Mutumin da in na tambaye shi ko miya ta yi daɗi zai ce gishiri ya yi yawa, a gaban baƙi, ina zai iya ƙago ƙasa mai rawa? Ƙarya ma ai sai da baiwa.

Gari kuwa ya sami abin taunawa. Ba wanda ya yi wasa da mutuwar, amma rawar ƙasa ta zama abin shagali. Jaki ya yi tuntuɓe a kasuwa, sai wani tela ya leƙo ya ce, "To, ta Ankara ta iso." Mai fura ta zubar da ƙwarya, a ce ba laifinta ba ne, ƙasa ce. Liman ya yi ƙoƙari, Allah ya ji ƙansa. Ya tuna wa surukina cewa girgizar ƙasa tana cikin Littafi, Musulmi ba ya musun ta. Tsohon ya ce, "Allah shi gafarta malam, waccan ta tashin ƙiyama ta. Ko an yi ƙiyama a Ankara anka manta da mu?" Liman ya tattara rigarsa ya tafi.

Da aka gama girbi mahaifina ya iso da shanu. Kowace shekara haka yake yi, ya sauka a gonar surukina shanu su ci kara su bar taki, ta nan ma aka san juna har aka yi aurena. Shi ko minti bai ɗauka ba ya gaskata maigidana. Ya ce ai wannan sananne ne, duniya a kan ƙahon wani sa take, in ya gaji sai ya juya ta ɗaya ƙahon, to nan ne ake jin motsi. Ya ce duk wanda ya taɓa ɗora wa sa kaya ya san haka suke yi. Abin da ya dame shi guda ne: wa ke kiwon san nan, kuma ana ba shi kanwa kuwa? Ya yi tagumi da gaske yana tausayin dabbar. Surukina ya saurare shi har ƙarshe saboda surukuta, sannan ya gaya wa bango cewa mai shanu ko wata ya gani sai ya ce ƙaho ne.

Sai ga wani malamin boko, ɗan ƙanen mai gari, ya zo hutu daga Sakkwato. Surukata, baiwar Allah mai sanyin hali wadda abin ya hana ta barci, ta aika aka roƙe shi ya yi wa tsohon bayani. Aka taru a zauren mai gari. Mu mata ba mu je ba, amma kafin la'asar duk abin da aka faɗa ya iso bakin rijiya, har da wanda ba a faɗa ba. Malamin ya ce can ƙarƙashin ƙasa, nesa ƙwarai, akwai zafin da ke narka dutse kamar ƙarfe a maƙera. Wannan da muke takawa ɓawo ne a sama, irin wanda kunu ke yi in ya fara hucewa. Manyan duwatsun da ke ƙasa suna danne juna shekara da shekaru, ranar da ɗaya ya gaza sai ya tsage ya goce, to gocewar nan ce ke girgiza gari. Inda kuma narkakken dutsen ya sami ƙofa sai ya ɓullo sama. Ya ce akwai wani dutse a Kamaru da ke yin haka: ya fara da hayaƙi, ƙasa ta ɗau zafi, sannan wuta ta malalo kamar talge ta cinye gonaki, toka ta rufe rufin gidaje. Ya ƙara da cewa bayan shekaru ƙasar wurin takan fi kowace albarka, amma wannan ba wanda ya ji, kowa ya tsaya a wajen talgen.

Surukina ya bari ya gama, sannan ya ce shi ya haƙa rami ya haƙa rijiya, kuma duk zurfin da ya yi sanyi yake tararwa, ƙarshe ruwa. In akwai wuta a ƙasa, me ya hana a ɗebo ruwan zafi a rijiyar masallaci a huta da hura itace? Aka yi dariya. Malamin ya ce rijiyar ba ta kai ko fatar abin ba. Hutunsa ya ƙare ya koma Sakkwato, ya bar mana wuta a ƙarƙashin ƙafa.

To, a ƙarshen gonar surukina akwai wani tsohon rami inda ya ɗebi ƙasar gini tun yana saurayi. Magina da ciyawa da kashin dabbobi suke haɗa lakarsu, don haka shekara da shekaru duk abin da ya rage, ciyawa ce, ƙaiƙayi ne, kashin doki ne, a ramin ake zubawa. Ya cika, iska da ruwa suka shafe samansa da ƙasa, har shi mai ramin ya manta da shi. A daidai nan mahaifina ya kafa turakunsa a shekarar, a nan kuma yake hura wa shanu wutar hayaƙi kowace yamma saboda sauro. Da zafi ya matso ya kaɗa shanunsa ya koma fadamar Shagari.

Bayan tafiyarsa da ɗan lokaci, wata mata mai tsintar kara ta ga hayaƙi yana fitowa daga ƙasa. Babu itace, babu ciyawa, ƙasa ce tsagagga tana hayaƙi a hankali kamar tsoho da lofe. Ta taɓa wurin ta ji zafi. Ta yar da karan ta shigo gari ba ɗankwali.

Tabɗi. Ranar ko kasuwa ba ta ci ba. Maza suka yi dafifi a gonar, kowa ya tsaya nesa yana tura na gabansa. Aka tuna hayaƙi, aka tuna ƙasa mai zafi, saura talge. Wata tsohuwa ta ɗaure kayanta ta nufi Sifawa wajen 'yarta, wai ita ba za a dafa ta da tsufanta ba.

Amma kada ku ɗauka wutar ce ta fi ba dattawa tsoro. Bature suka fi tsoro. Mai gari ya ce in maganar ta kai ga hakimi za ta kai ga Di'o, Baturen mulki, kuma kowa ya ji yadda aka yi a ƙasar da ake haƙar kuza: duk inda Bature ya ga abin mamaki a ƙasa sai ya kafa turke, ya ce gonar ta zama ta gwamnati, a kawo ƙarti su haƙa. Wuta wataƙila ta fito, wataƙila ta fasa. Bature kuwa in ya zo ya zo ke nan. Don haka dattawan unguwarmu, da rawunansu da carbinsu, suka yanke shawarar a ɓoye dutse mai aman wuta.

Yaya ake ɓoye shi? Magina suka ce ai tsaga ce, tsaga kuwa yaɓe ake yi mata. Manoma suka ce a tula taki da kara a kai, duk dogarin da ya wuce ya ga juji yana hayaƙi zai ce sharar gona ake yi. Da yake ba a son ɓata wa kowa rai, sai aka yi duka biyun. Surukina ya kwaɓa lakarsa mafi kyau, mai yawan ciyawa da kashin doki, ya liƙe tsagar sumul kamar bangon ɗakin amarya. Sannan jakuna suka yi ta jigilar busasshen kashin shanu ana tulawa. Da safe hayaƙi ya ɓullo ta wani gefen, ya fi na jiya. Aka ƙara yaɓe, aka ƙara taki. Kai, ban taɓa ganin an yi wa wuta hidima irin wannan ba, ko baƙon da ya zo daga Makka albarka.

Maigidana kuwa dare ɗaya ya zama babban mutum. Telan nan mai maganar jaki shi ne ya fara zuwa gaishe shi, har da tsugunawa. Ana ta tambayarsa: yaushe za ta fashe, ta wane gefe za a gudu, a kwana a ɗaki ko a waje? Shi kuma yana ta cewa shi motsi ya gani, bai ga hayaƙi ba, bai san wannan ba. Suka ce tawali'u ne irin na masana. Aka fara aiko mana da tuwo daga gidajen da ba su taɓa aiko mana da ko gaisuwa ba. Na ci, wallahi, har da suɗe kwano.

Ni tun ranar da maigidana ya fara dawowa daga gonar na ji wani abu a rigarsa. Na ɗauke ta zan wanke, na kai hanci, sai ga ni a gida, ina yarinya, ana tatsar yamma. Washegari na ɗauki ƙwarya kamar mai neman makamashi na bi ta bayan gonar. Ban ma ƙarasa ba. Wanda ya girma a cikin shanu ba ya ɓata warin kashinsu in yana ci a hankali. Na dubi inda ramukan turakun mahaifina suke, na dubi inda hayaƙin ke fita, na dubi dattawa suna sauke mangalar taki a kai da bismilla. Sai da na tsuguna a bayan wata sabara na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Me ya sa ban faɗa ba? Wa zan gaya wa? Ni da ko ruwa ba na sha a gaban surukina, in na hango shi sai in canza hanya, ni ce zan tsaya in ce masa Baba, dutsenka kashin shanun babana ne? Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, ban ga dalilin gaggawa ba. An daɗe ana yi wa mijina dariya, na ce bari su ma su ɗanɗana tsoro ya ratsa su.

Ana cikin haka tsohon ya hau kan wurin da kansa zai liƙe wata sabuwar tsaga. Wutar ta riga ta cinye ƙarƙashin, saura ɓawo. Waɗanda ke wurin sun ce ƙasar ta yi rawa a ƙarƙashinsa, ya buɗe hannuwa yana tangaɗi, sannan ta burma da shi har gwiwa, toka da tartsatsi suka tashi. Kowa ya arce, har mai gari, da rawaninsa a hannu. Maigidana ne kaɗai ya ruga ya cicciɓo shi ya fito da shi, ya goyo shi har gida.

Ƙafafun sun ƙone amma ba can ba. Surukata ta shafa masa man shanu ta naɗe da tsumma. Yana kwance a zaure, mutane cike, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya ma wancan, ta motsa. Na ji ta da ƙafata. Gobe shi hau katangar nan da munka fara ma mai gari shi ƙarasa ta."

Ina bayan zana na ji. Na koma ɗaki na yi rawa ni kaɗai, 'yata tana kallona. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Da maigidana ya shigo, fuskarsa ta saki a karon farko tun dawowarsa, daɗi ya kwashe ni, bakina ya kasa riƙe abin. Na rufe ƙofa na gaya masa duka, ina dariya: tsohon rami, turakun shanu, wutar sauro. Na ce, "Kai dai ka yi shiru. Ruwan farko zai kashe ta, kowa ya ce addu'a ce ta ci. Tsuntsu daga sama gasasshe, ka ci abinka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Kamar yadda ka san ɗanyen tubali."

Sannan ya ce, "To ba abin da ya kashe ƙanena ke nan ba."

Na ce wa ya tambaye ka? Tsoho ya yarda, gari ya yarda, me kake nema kuma? Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo masa maganar 'yarsa, na kawo ta uwarsa. Ya ce shi ba zai hau bango a kan kashin shanu ba. In ubansa zai yarda da shi, ya yarda da shi a kan abin da ya faru. Na ce Allah ya haɗa ni da gaskiya mai ƙafafu, kuma ban faɗa da yabo ba.

Da safe, maimakon katangar mai gari, ya saɓa diga ya nufi gona. Mutane suka bi shi suna zaton wani sirrin Ankara zai nuna. Ya sara gefen wurin, ya ja, ya juyo da baƙin taki da garwashi jajir a ciki, ga ƙaiƙayi, ga guntun igiyar turke. Ya ɗago shi a bakin digar ya nuna wa kowa. Sai wani Bafillace mai wucewa ya shaƙi iska ya tambaya lafiya aka taru ana kallon juji. Nan dariya ta ɓarke. Aka ja rami kewaye da wurin, mata muka yi ta jigilar ruwa, kafin azahar dutsen Boɗinga ya mutu. Aka aika Sifawa a gaya wa tsohuwa ta dawo.

Dattawa sun ji kunya, kuma mai jin kunya sai ya nemi wanda zai huce a kansa. Kafin yamma magana ta juya. Telan nan, wanda gwiwarsa ba ta gama hucewa daga tsuguno ba, ya ce ashe ta Ankara ma a bincika, wataƙila shanu ne suka kwana a wurin. Tuwon maƙwabta ya tsaya cak. Na ji haushi, na yi kuka don haushi, ina tuƙa tuwo ina zagin muciya. Na ce shi ke nan, an gudu ba a tsira ba, mutumin nan zai tsufa a rami.

Bayan la'asar na ɗauki akushin tsohon zan miƙa wa surukata ta kai masa, sai na tarar ta fita gidan maƙwabta neman magani. Na tsaya a bayan ƙofar zaure ina jiran wanda zan aika. Su biyu ne kawai a ciki. Tsohon yana jingine da ƙafafu a naɗe, maigidana yana zaune can gefe da toka har gira.

Tsohon ya dubi bango ya fara, "A tambayi wancan, mi ya sa..." Sai ya tsaya. Ba kowa a zauren da zai kai saƙon. Na ji yana numfashi. Can sai ya ce, "Kai."

Maigidana ya ɗago a firgice. "Na'am, Baba."

"Bangon nan. Daga ina ya fara tsagewa?"

"Daga kusurwar ƙofa. Ta hau sama a karkace har rufi."

"Ta bi layin laka?"

"A'a. Ta ratsa tubalin ta tsakiya. Na duba da safe, kowane ya rabe biyu, rabi na nan manne da ɗan'uwansa."

"Tushen fa?"

"Yana nan. Har na taho bai goce ba."

Na zauna da magina isasshen lokaci don in san abin da tsohon ya ji. Mugun gini daga gindi yake ci, ko ya saki a mahaɗa inda laka ba ta kama ba. Bangon da tubalinsa ya gwammace ya karye da ya saki maƙwabcinsa, ba magini ne ya kayar da shi ba. Watanni yana da wannan tambayar a bakinsa, bai yi ta ba, ina jin don yana tsoron amsar. Muddin akwai mai laifi, akwai wanda zai yi fushi da shi. Yanzu ba kowa.

Tsohon ya ce, "Aikin ya yi kyau ke nan."

"Ya yi kyau, Baba. Yadda ka koya muna munka yi. Ni na jera, shi ya yi yaɓe."

Akushin ya fara yi mini nauyi. Sannan tsohon ya yi tambayar da ya kamata ya yi tun ranar farko, muryarsa ta zama ta wani daban.

"Ka iske shi da rai?"

"Da sauran numfashi. Na ɗora kansa a cinyata. Ya yi shahada."

"Wa ya yi mai wanka?"

"Ni."

"Kabarin fa?"

"Ni na haƙa. Ƙasar can yashi ce, ba ta tsayawa. Sai da na jera tubali a gefe da gefe don kada ta rufta masa."

"Busasshe?"

"Busasshe, Baba."

Tsohon ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suka shiga motsi. Daga cikin rigar na ji ya kira sunan ɗansa na fari, sunan da ni ma ban taɓa furtawa ba, ya ce ya matso kusa. Na juya da akushin a hankali na koma madafa.